Baba Rarrafe da Takalman Yara

Ranar da Malama Babba ta fara ganin Baba Rarrafe, saura kaɗan ta ce wa maigadi ya ba shi ruwa ya sallame shi. Dattijo ne siriri, furfura ta cinye gemunsa, da tsohuwar jaka a kafaɗa, ga wando da aka lafta wa facin fata a gwiwa biyu. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce a ranta, yanzu wannan ne ƙanwar mijina take ta zuzutawa? Ita mai takalmi sau ciki da babban fayil take jira.

Ba ta da lokacin zaɓe kuwa. Makarantarta ta renon yara ɗaki huɗu ce a bayan asibiti, yara arba'in da biyu, yawancinsu 'ya'yan masu jinya ne da mata 'yan kasuwa da teloli, waɗanda ke ajiye yaro da sassafe su ruga wurin aiki. Kwana uku da suka wuce masu duba makarantu suka zo, wata sufeto mai tabarau ta zagaya, ta bar mata takarda: mako biyu ta gyara, in ba haka ba a garƙame ƙofa. Shekara tara tana gina wurin nan.

"Baba, ga takardar," in ji ta. "Ka nuna mini abin da zan yi su sa hannu kawai."

Bai karɓa ba. Ya ajiye jaka a bakin ajin 'yan shekara uku, ya cire hula, ya durƙusa, ya kama rarrafe daga bango zuwa bango. Yara suka fashe da ihu, wasu suka bi bayansa suna kwaikwayo, ɗaya ma ya nemi hawa gadon bayansa. Malama Babba ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Baba, lafiya kuwa?"

"Lafiya lau, 'yata. Ke a tsaye ɗakinki kike gani. Ni nasu na zo dubawa."

Kafin ya miƙe ya tara mata abin kunya cike da hularsa. Batir ƙarami mai kamar maɓalli a ƙarƙashin kanta. Kan ƙusa a ƙafar benci. Soket mara murfi a bayan labule, daidai ɗan yatsa. A banɗaki ya zaro maganin wanke masai da aka zuba a robar lemo, aka ajiye a ƙasa bayan bokiti. Ya ɗaga robar ya nuna wa mai shara, ta dafe ƙirji ta yi salati. Sai ya sa yatsa biyu ya jawo kabad ɗin littattafai, kabad ya sunkuyo kamar zai gaishe shi.

A ƙofar baya suka yi karo. Ƙaton kwaɗo ne a jiki.

"Ina makullin?"

"Yana wurin mai dafa abinci."

"Tana ina?"

"Ta je kasuwa."

"To madalla. In wuta ta tashi a gaba, sai mu ce mata ta jira a dawo daga kasuwa."

Ran Malama Babba ya ɓaci. Ta ce masa ba don sakarci ta sa kwaɗon nan ba. Bara waccan wani yaro ya sulale ta nan ya ratsa filin baya ya fita lungu, sai bakin titi aka tsinto shi, uwarsa har suma ta yi a tsakar gidan nan. Ya saurare ta har ta gama, ya ce ta yi gaskiya, kuma dole kwaɗon ya fita. Za a sa sakata can sama, inda hannun yaro ba ya kai, babba kuma ya zare ta da hannu ɗaya ko da goyo a ɗayan. Ta ce za ta yi tunani. Ya ce ta yi, shi dai gobe zai zo da sakatar.

Da yamma wata mata ta kawo rahotonsa a buge, shafi shida. Tana tafiya tana ɗingisa ƙafar hagu. 'Yarsa ce ta fari, ita ke buga masa takardu, domin rubutun hannunsa ko shi kansa sai ya yi da gaske yake karantawa. Malama Babba ta ba ta kujera, ta ɗan yi mata ƙorafin taurin kan tsohon. Matar ta yi dariya.

"Yaya, ai kaɗan kika gani. Mu da muka tashi a gidansa, ko tsinke ba ya kwana a ƙasa."

A bakinta ta ji tarihinsa. Kafinta ne, a hannun mahaifinsa ya koya, ya yi shekara ashirin da bakwai yana gyaran benci da ƙofa a wata firamare. Lokacin da yake ango ya ƙera wa amaryarsa kabad, dogo mai madubi, duk unguwa ana zuwa kallo. Kullum yana cewa gobe zai kafe shi a bango. Ita tana shekara uku ta jawo aljihun kabad ɗin ta taka za ta ɗauko wani abu a sama, ya biyo ta. Ta rayu, ƙafar ce dai ba ta koma daidai ba.

"Ni ban ma tuna ba," in ji ta. "Shi ne bai manta ba. Da ya bar aiki, yana da furfurarsa ya je ya zauna kwas na wata uku cikin sa'o'in 'ya'yansa, ya karɓo takardar shaida. Mamanmu ta gaji da ɗinke gwiwar wando, shi ne ta kai wa baduku ya sa fata. Ta ce ita kafinta ta aura, ba ta san jariri za a mayar mata ba."

Malama Babba ta yi dariya, amma da matar ta miƙe za ta tafi, ta bi ƙafar da kallo har bakin ƙofa, jikinta ya yi sanyi. Da hannunta ta cire kwaɗon kafin ta tashi.

Mako guda ana ta bugun guduma. Aka kafe kowane kabad, aka rufe soket, aka ɗaga magunguna sama aka kulle. Ya juya tukunyar kashe gobara ya nuna mata kwanan wata, ashe ta mutu tun shekara biyu, ado kawai take yi a bango. Ya zazzage akwatin taimakon gaggawa, aka sami almakashi mai tsatsa da bandeji rabi da cokali. Har yau ba a san mai cokalin ba. Ya koya wa malamai abin da ake yi in yaro ya shaƙe, da 'yar tsana ya gwada musu, ya sa kowacce ta yi sau biyar. Ranar Juma'a Malama Babba ta bi takardar sufeto layi-layi, ta ga an gama komai, ta sauke ajiyar zuciya.

"Saura ɗaya," in ji Baba, "gwajin gobara." Ya zaro usur daga aljihu ya busa.

Wayyo, abin da ido ya gani! Ƙofar baya a buɗe, malamai suna kira, amma ko yaro ɗaya bai nufe ta ba. Duk arba'in da biyun suka kwasa a guje zuwa ƙofar gaba, inda kantar takalma take. Suka cunkushe a 'yar barandar nan, wannan yana neman warin takalminsa, wannan ya sa na dama a hagu ya zauna yana gyarawa, biyu suna kokawa a kan silifa ɗaya, wata tana kuka an taka mata hannu. Baba yana tsaye yana kallon agogo. Sai da aka yi minti goma sha ɗaya kafin na ƙarshe ya fita.

Malama Babba ta jingina da bango. Ba wanda ya koya musu wannan sai ita. Tun ranar da wata yarinya ta taka fasasshiyar kwalba, ta kafa doka, kullum safe sai sun maimaita: ba a fita ba takalmi. Ta yi ta alfahari da yadda suka riƙe. Yaran ba su yi laifi ba, biyayya suka yi mata.

"Baba, da a ce gobarar gaske ce, da na kashe su," ta ce.

"A'a, kar ki faɗi haka. Yaran da suka ji maganarki sau ɗaya za su ji ta biyu. Wannan ba ya cikin takardar sufeto, amma shi ne aikin."

Ya fara da filin baya. Yini guda ya yi a durƙushe yana tsince ƙusa da gilashi da murfin kwalba, ya sa aka zuba yashi. Sannan ya mayar da abin wasa. Ƙararrawa ta lokacin tafiya gida ce, a ɗauki jaka a sa takalmi. Usur kuwa, a bar komai, a kama igiya mai ƙulli-ƙulli, kowa da ƙullinsa, a bi malama ta baya. Malama Babba ce za ta fita ƙarshe da rajista a hannu, bayan ta leƙa banɗaki da ɗakin barci. Ya kan tsaya a tsakiyar aji ya ce, "In usur ya yi kuka?" Su amsa da iyakar muryarsu, "A bar takalmi!" Wata uwa ta zo da faɗa, wai an mayar mata da safar yaro kamar an yi noma da ita. Malama Babba ta ba ta haƙuri, ta wanke safar da kanta. Minti goma sha ɗaya ya koma shida, shida ya koma uku.

Ana gobe sufeto za ta dawo, ta ce masa, "Baba, ƙarfe bakwai nake so ka iso."

"Ba zan zo ba."

Ta ɗauka wasa yake. Ya ce shi bai taɓa tsayawa ranar duba ba, kuma ba zai fara a kanta ba. Ta roƙe shi, ta haɗa shi da girman furfurarsa, har ta ce ashe haka yake, ya kai mutum bakin ruwa ya juya. Ya rataya jakarsa.

"'Yata, ranar da wuta za ta tashi ma ba na nan."

Ta ji haushinsa ƙwarai, ko rakiya ba ta yi masa ba.

Sufeto mai tabarau ba ta zo da safe ba. Sai bayan an ci abincin rana, rabin yaran sun yi barci, ta shigo fuskar nan ba annuri. Ta jijjiga kabad, ta leƙa bayan labule, ta karanta kwanan watan tukunyar gobara, ta zare sakatar baya ta mayar. Ta ga usur rataye a ƙusa, ta ce na mene ne. Kafin Malama Babba ta gama bayani, matar nan ta sa shi a baki ta busa.

Yara suka farka a firgice, kuka ya kaure. Malama Babba ta waiga inda Baba ya saba tsayawa, ba kowa. Sai ta ga malamar 'yan shekara uku ta riga ta warware igiya, mai shara ta saɓa ƙananan yara biyu, mai dafa abinci ta kashe gas ta zare sakata. Ƙafafunta suka ɗauke ta da kansu, banɗaki, ɗakin barci, ƙarƙashin tebur. Tana fitowa ta hango wani ɗan gajere ya saki igiya, ido rabi a rufe, ya nufi kantar takalma. Kafin ta buɗe baki, wata 'yar mitsitsiya mai kitso biyu ta cafko rigarsa ta baya.

"Kai! A bar takalmi!"

Ya bi ta yana shessheƙa. A kan yashi Malama Babba ta buɗe rajista ta kira suna ɗaya-ɗaya, kowane suna ya amsa. Sufeto ta dubi agogo, ta ce minti biyu da 'yan kai. Ta dubi jerin ƙafafun nan babu takalmi, ta cire tabarau ta goge.

"Wa ya koya musu wannan?"

"Wani kafinta ne."

Ta sa hannu, ta buga hatimi, ta ce a gaishe shi.

Malama Babba ta shiga ofis ta rufe ƙofa, ta yi kuka mai isarta. Sannan ta ɗauki waya. Da ya ɗaga, tana jin hayaniyar wasu yaran a bayansa, yana wata makarantar.

"Baba, sun sa hannu. Ka yafe mini maganar jiya. Wallahi ban san da wane baki zan gode maka ba. Allah ya saka maka da alheri, ya jiƙan mahaifa, ya raya maka zuri'a."

"Amin, amin. Ba ki yi mini komai ba. An busa usur?"

"Ita ta busa da kanta, suna cikin barci."

Bai tambayi minti nawa ba, bai tambayi me sufeto ta ce ba.

"Nawa suka shigo da safe?"

"Arba'in da biyu."

"Nawa kika ƙirga a waje?"

"Arba'in da biyu, Baba."

Ta ji ya sauke numfashi mai tsawo.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "To je ki wanke musu ƙafa, iyayensu sun kusa zuwa."