Gwajin da Wendell Tarver Ya Ƙi

Duk wanda motarsa ta taɓa macewa a titin da ya fita daga Memphis ya nufi kudu, da wuya a ce bai san Wendell Tarver ba. Shi ne mai janwe ɗin nan, ƙato mai tumbi da ƙatuwar murya. In ya zo ɗaukar motarka, sai ya fara wanke ka tas a kan rashin duba mai, sannan ya miƙo maka dafaffiyar gyaɗa. Ba ya gaggawa, ba ya kuma neman shawarar kowa.

Aurensa da Lorraine ya mutu tun 'yarsu Janelle tana firamare. Kotu ta bar yarinyar wajen uwa, ta ɗora masa kuɗin ɗawainiya duk wata, ta ba shi ita duk ƙarshen mako. A shagon askin ƙanensa Cedric, maza kan yini suna tsinuwa a kan irin wannan kuɗi. Wendell bai taɓa sa musu baki ba. Ranar Asabar dai za ka ga Janelle a gaban janwe, ta ɗora ƙafa a taga, tana gyara wa uban waƙa.

Ana nan sai Lorraine ta koma wa wani tsohon saurayinta, Darnell, mazaunin Phoenix, wani birni mai nisan gaske, ta ce za ta tafi da yarinya. Doka kuwa ba ta yarda uwa ta yi nisa haka da ɗa ba, sai da yardar uba ko ta alƙali. Wendell ya ce bai yarda ba. Shi ne ta fasa ƙwai: Janelle ba tasa ba ce, ta Darnell ce, kuma ta roƙi kotu a yi gwajin ƙwayar halitta. In gwaji ya cire shi daga uba, Asabar ta ƙare ke nan, ba shi da ta cewa.

Cedric yana yi masa gyaran fuska ya ce, "Yaya, kai fa Allah ya kashe ya ba ka. Auduga ce kawai za a goga maka a kunci. In ta fito ba taka ba ce, ka huta da biya har abada."

"Aski na zo, ba wa'azi ba," in ji Wendell. "Kula da kunnena."

Lauyarsa, wata dattijuwa mai tabarau, ta gargaɗe shi cewa galibi namijin da ya ƙi gwaji ana ɗaukarsa mai gudun ɗawainiya ne, sai kotu ta yanke cewa shi ne uba, ta ɗora masa biya. Wendell ya yi dariya har da buga cinya. Horon da ake tsorata maza da shi, shi ne ainihin abin da ya zo nema. Ta ce kada ya yi saurin murna, domin kotu na iya tilasta gwajin, sai dai in ta ga zai cutar da yarinya. Wannan kam ta taɓa shi, ya koma gida bai ci abinci ba.

Ranar zaman kotu ya sa kwat ɗin da yake zuwa coci da ita, wadda ta daina rufe masa ciki. Alƙaliyar ta tambaye shi dalilin ƙin. Ya ce da aurensu aka haifi Janelle, sunansa take amsawa, shi ya kwana da ita asibiti da ta yi ciwon haƙarƙari.

"Ranki ya daɗe, mazan da ke zuwa nan roƙo suke a sauke musu nauyi. Ni roƙona a bar ni in ci gaba da biya."

Alƙaliyar ta tambayi Darnell, wanda ya rako Lorraine kotu, inda yake duk shekarun nan, ya tsaya sosa ƙeya. Ta ƙi ba da umarnin gwaji, ta ce yarinya tana da uba, kuma ba za a bar gari da ita ba.

A bakin mota Cedric ya haye kujerar gaba, ya sake tsokanarsa. "Ka ci nasara, Yaya, amma faɗi gaskiya, tsoron sakamakon kake yi."

Wendell ya cire kwat ya jefa a kujera.

"Wane sakamako? Tun ina soja likita ya gaya mini ba zan haihu ba. Ranar da Lorraine ta ce tana da ciki na sani." Ya tada janwe. "Sauka daga nan ka nemi tasi, kujerar Janelle ce, kuma yau Juma'a, an kusa tashi makaranta."