Ƙwarya Mai Ɗinki da Kwalin Madam Rabi

Ni karatuna na lakwal, wato boko, wata bakwai ne, shi ma rabinsa a durƙushe na yi shi, ina riƙe da kunnuwana. In kun ga rubutun nan yana tangaɗi ku yi haƙuri, hannun da ya tsufa yana fasa dutse a ramin ma'adinai na Akokan ne ya kama alƙalami.

A ƙauyenmu na ƙasar Damagaram, da an idar da sallar isha'i, kakarmu Iya Delu takan hura wuta da karan gero a ƙofar ɗakinta. Mu jikoki mu kewaye ta, kowa na ture ɗan'uwansa don ya samu gefen da hayaƙi ba ya bi. Ba ta fara tatsuniya sai ta ƙare mana kallo ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tayin akuya. Wanda ya yi ɓarna a ranar, shi za a yanka wa labari daidai wuyansa. Yawanci ni ne.

Wata rana na fasa mata ƙwaryar fura, da aka yi magana na ce ai tsohuwa ce, duk jikinta ɗinki. Da dare ta miƙo hannu ta kamo ƙafata.

"Matso nan, angon banza. Ta yau taka ce, sauran 'yan rakiya ne."

Wai wani mutum ne zai yi tafiyar kwana bakwai, ya je wurin wata tsohuwa neman ƙwaryar shan ruwa. Ta ajiye masa biyu: sabuwa fara tas mai zane, da wata baƙa mai ɗinki uku. Ya yi dariya ya ɗauki sabuwar. A rijiyar farko ya ɗebi ruwa, ya kai baki, sai ɗaci, don ba a taɓa jiƙa ta ba. A ta biyu ma haka. Jakinsa ma ya sunsuna ya kau da kai. Ya juyo gida leɓe a tsage, ya tarar da tsohuwar tana shan ruwa da baƙar. Nan Iya takan sassauta murya ta yi maganar tsohuwar: "Ɗana, wa ka taɓa gani ya zauna yana ɗinke abin da bai yi masa amfani ba?"

Na riƙe wannan magana fiye da yadda na riƙe karatun allo. Da ita na sayi keke, da ita na zaɓi abokai, kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba sai bana.

Tun da aka rufe ramin, unguwar ma'aikata take zubewa. Kullum sai ka ga mota an ɗaure mata katifu a kai ta nufi kudu. Ni aka bar wa makullin ɗakin littattafan unguwar, don ba ni da inda za ni. Da aka ce a kwashe ɗakin, sai Madam Rabi, malamar ajin jikata Hadiza, ta same ni. Za ta kai mahaifiyarta asibiti Agadas, ga shi an yi wa mai tsiren bakin tasha alkawarin littattafan ran Juma'a, ya riƙa naɗe tsire da su.

"Baba, kwali ɗaya za ka cika mini. Na labarai nake so, irin na yara. Ajina ba mu da ko ɗaya."

"'Yata, kin dai san zurfin karatuna."

"Ka duba masu hotuna kawai. Ko ka tafi da Hadiza."

Na ce to. A raina kuwa na ce ni da na sha tatsuniya a bakin Iya Delu, yarinyar da aka yaye jiya ce za ta nuna mini labari? Na shiga ni kaɗai. Na tarar da wasu sababbi fil, ko ledarsu ba a cire ba, na ture su gefe. Na bi waɗanda suka yi baƙi da dauɗar yatsa, waɗanda aka liƙe bayansu, aka ɗinke da zare. Na cika kwali ina yaba wa kaina.

Ran Lahadi Madam ta dawo, ta buɗe kwalin a tsakar gidana, Hadiza na leƙe ta kafaɗarta. Ta ɗaga na farko ta duba bangonsa.

"Wannan na gyaran famfo ne, Baba. Wannan na dokokin tuƙi. Waɗannan huɗu kuma na koyon rubuta takardar neman aiki."

"Babu labari ko ɗaya?"

"Na labaran su ne na cikin leda. Su aka kawo daga ƙarshe. Yaran da aka kawo su dominsu sun riga sun hau mota."

Hadiza ta dube ni ta ce, "Tsoho, yanzu famfo za mu karanta?"

Muka ruga wurin mai tsire. Ya ce ai da na cikin ledar ya fara, don takardarsu ta fi tsabta. Ya ba mu abin da ya rage, bangaye ne kawai.

Na daɗe ina juya abin. Iya ba ta yi ƙarya ba, amma ita a garin da mutane ke zama ta yi maganarta, inda abu ke samun shekarun da zai tsufa a hannu. A nan abin da ya sha hannu shi ne abin da maza suka yi ta murza suna neman hanyar fita. Abin da aka tanada wa yara kuwa bai samu mai ɓata shi ba. Ajin Madam ma ragewa yake yi, ita kanta ta nemi a mayar da ita kudu.

Kwanan baya Hadiza ta tsinci wata takarda duk mai da yaji, ta karanta mini. Wata yarinya ce raƙuminta ya tsaya a ƙofar wani gida ya ƙi motsi, sai aka buɗe ƙofar daga ciki. Nan shafin ya ƙare.

"Tsoho, wa ya buɗe?"

Na ce ban sani ba. Tun ranar nake zuwa tasha sayen tsire, ni da haƙorana uku, ina roƙon a naɗe mini a takarda mai rubutu. Jiya na kawo mata wata, ta duba gaba da baya, ta ce raƙumin ba ya ciki.