Ranar da Inna Ta Shiga Sansanin 'Yan Koriya

Jiya ƙanshin kabeji mai yaji ya shigo ta taga daga gidan sababbin maƙwabtanmu 'yan Koriya a unguwar Waziriyya ta Jidda, baƙin da na hana 'yata Hanan shiga wurinsu don tsoro. Sai na tuna kakata Inna.

Wata rana ina matsa mata ƙafa, ta ce, "Ke matsoraciya, saurara. Lokacin da 'yan Koriya ke yin titi a Jidda, ba a barin mace ta shiga sansaninsu. Na zura jallabiyar kakanki, na naɗa rawani, na ɗauki butar shayi kamar mai talla, yalla, sai cikin sansani! Na ga ƙarti suna cin shinkafa da tsinke biyu, suna rusuna wa tsofaffinsu kamar mu."

"Ba su gane ki ba, Inna?"

"Ina miƙa kofi, ashe ga lalle jawur a hannuna! Tsohon kukunsu ya yi dariya har da hawaye, ya cika mini kwano da abincinsu. Halas, shi ke nan!"

Yau da hantsi na kama hannun Hanan, muka ƙwanƙwasa musu ƙofa. Allah ya sanyaya makwancinki, Inna, ya ba yarinyar nan zuciyarki, ba tawa ba.