Baƙin Zare a Igiyar Rigar Mama

Shekara shida na yi ina sayar da kayan ciki na mata a ɗakina a Sabon Birni: shimi, kamfai da rigar mama. Sana'a ce ta murya ƙasa-ƙasa. Macen da za ta yini tana murza atamfa tana tambayar inda aka buga ta, in ta zo kan waɗannan sai ta cusa cikin hijabi ta fice kamar ta yi sata. Ni ma ban taɓa tambayar mai kawo mini su daga ƙetaren iyaka ba. Tunda suna liƙe cikin leda, shi ke nan.

Wata safiya leda ɗaya ta yage a hannuna, sai ga igiyar rigar mama an ɗinke ta da baƙin zare, ɗinkin hannu. Na kai hanci, na ji sabulu da sitati. Na farke sauran, duk kanwar ja ce: gwanjo ne aka wanke aka goge aka liƙe. Ba na ƙin gwanjo, ni ma ina sawa, amma a faɗa mini gwanjo ne.

Sai na tuna jiya-jiya gwaggon wani ango ta kwashi irinsu don lefe, kuma da sassafe suka tafi kai shi Bafarawa. Yarinya za ta shiga ɗakinta da gumin wata a jiki, kuma daga hannuna!

Na faɗa gidan maƙwabciyata mai keken ɗinki, wadda na sha raina shiminta don ba shi da leda, alhali a gabana take yanka sabon yadi. Na kwashe duk abin da ta ɗinka, na haye kabu-kabu. Ban san ina da bakin tsawa ba sai ranar. Muna tsallake ramuka, mayafina yana tashi, ina ce wa mai babur ɗin ƙara wuta, shi kuwa yana ta salati. Wallahi tsoro da daɗi tare na ji.

Na tarar da mata cike da tsakar gida ana ɗaga turame ɗaya bayan ɗaya ana guɗa. Ƙaramin akwatin kayan ciki yana gefe, don shi ba a buɗe shi gaban jama'a. Na durƙusa gaban gwaggon ango na ce, "Inna, a buɗe wanga."

Ta harare ni. "Ke, mi kika zo yi? Kunya za ki ba mu gaban surukai?"

"Ni ad da kunyar, Inna. Gwanjo ne anka liƙe, ban sani ba na saida miki. Ga wanda na ga ɗinkinshi da idona."

Kakar amarya ta jawo akwatin da kanta, ta farke leda, ta shinshina, ta ture shi gefe. Ta karɓi shimin maƙwabciyata ta ja ɗinkin da ƙarfi, bai motsa ba. Sai ta rangaɗa guɗa. Gwaggon ango dai ko kallona ba ta yi ba har na tafi.

Bayan sati biyu sai ga ta a ƙofar ɗakina. Ba ta cusa komai cikin hijabi ba. Ta ɗaga shimi sama cikin hasken rana, ta ce da ƙarfi, "Wanga wa yaɗ ɗinka shi?"

Na miƙe, na kama hannunta, na kai ta har gaban keken maƙwabciyata.