Tabarma a Ƙarƙashin Sabon Rufi

Jiya aka cire katakan da ke tokare da rufin ajin da na zana a Takieta. Ƙanshin ɗanyen siminti ya tuno mini da marigayi kawuna, injiniyan da ya koya mini aiki. A irin wannan rana yakan fitar da kowa, ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rufin, ya sha shayinsa.

Na taɓa ce masa, "Kawu, ai lissafi ya nuna ba zai faɗo ba."

Ya ce, "To zo ka zauna mana. 'Ya'yan mutane za mu sa a nan."

Na zauna, gabana na faɗuwa.

Yanzu na'ura ke mana lissafi, amma jiya sai da na shimfiɗa tabarmata. Kawu, Allah Ya sa ka a inuwarsa ranar da babu inuwa sai tasa.