Na nome gonarsa, ranar tawa bai zo ba

Ni ɗan manoma ne daga wani ƙauye na Tirmini. A shekarar da ruwa ya ɗauke, hatsi ya ƙone tun bai fidda kai ba, ina Damagaram ina koyon rubuta manhajar ordinatar, wato kwamfuta. Ina da aboki ɗan Birni, bencinmu ɗaya a lakkwal, makarantar da muke koyon, ya sha bina ƙauye ya ci tuwon Inna. Rumbunmu ya riga ya zama wayam, amma Baba ya ce zai daure, ba zai sayar da gonarmu ta gado ba sai ya ga ko zan samu aiki.

Abokin nan ne ya ce mu yi gayya irin ta noma. Harsunan rubuta manhaja suna da yawa, kowa ya ƙware a ɗaya, sannan mu koya wa juna. Ya ce ni mai kai ne, in ɗauki C, shi ne tushe, shi kuma zai lallaɓa da Java, wanda ake yi wa wayoyin hannu manhaja da shi. Wallahi kaina ya kumbura. Ban tambayi kowa wane harshe masu ɗaukar aiki ke nema ba. Kullum bayan la'asar muna gindin katangar gidansu, ina warware masa nawa dalla-dalla. In na ce yau ranar gonata ce, sai ya ce shi ma bai gama ganewa ba, kar ya koya mini kuskure. Wata biyar ina jira kamar sakarai.

Sai wata ƙungiyar agaji ta nemi mutum ɗaya da zai kula da manhajar rajistar gidajen da za a raba wa hatsi. Java suke so. Na zauna jarrabawar ina zare ido, shi kuwa abokina ya gama kafin kowa, aka ɗauke shi. Daga baya mai gadin buron ƙungiyar, wato ofishinsu, ya gaya mini, cikin hira kawai, cewa abokina ya san da zancen aikin tun kafin rani, kawunsa direba ne a wurin. Ashe tun ranar da ya yabi kaina ya gama da ni.

Baba ya sayar da gonar. Abin da ya fi ci mini rai, abokin nan ne ya je ƙauyenmu da waya a hannu yana rajista. Inna ta gane shi a layi, ta yi ta sa masa albarka, ta roƙe shi ya riƙe ni da kyau a birni. Har yau ban iya gaya mata ba.

Ya cuce ni, amma ni na miƙa masa zaɓin da ya kamata in yi da kaina, don ya ce ina da kai. 'Yan'uwa masu koyo, ku je ku tambayi abin da ake nema da bakinku, kuma in gayya ce, a riƙa yi yau naka gobe nasa. Na koyi Java daga baya cikin wata uku. Gonar kuwa wani ke nomanta.