Wushiryar Dije

A Morai muka tashi, ni da ƙanwata Dije, a hannun kakarmu. Da an idar da magariba lokacin sanyi sai ta hura karan dawa a ƙofar ɗakinta, ta tura dankali cikin toka, mu kewaye ta. Wurin zamana kullum gefen da hayaƙi ke bi, Dije kuwa a jikin cinyarta. Dalili ɗaya ne: Kaka tana da wushirya, Dije ta gado ta, ni kuwa haƙorana a matse suke kamar ƙwayar masara. "Mai bakina," haka Kaka ke kiranta. Ni Asabe ce kawai, kuma abin yana ci mini rai ƙwarai.

Akwai tatsuniyar da na tsana, ita kuwa Kaka ta fi son yi. Wai a wani gari ba a tsirar haƙori, sai yaro ya tasa a kai shi wurin wata tsohuwa ta dasa masa farar shinkafa a dasashi. 'Yan mata biyu suka je, ya da ƙanwa. Tsohuwar ta jera wa babbar tsaf. Da ta zo kan ƙaramar sai ta bar 'yar ƙofa a gaba, ta ce dariya ta riƙa samun hanyar fita. Gari ya ɗauka, kowa sai ya tsokani ƙaramar don ya ga ta yi dariya. Babbar ta kasa haƙuri, ta bari ƙanwar ta yi barci ta cusa ƙwayar shinkafa ta toshe ƙofar. Da safe uwarsu ta dubi yarinyar ta ce ba ta san wannan baki ba, ta kore ta. Babbar ta koma daka ita kaɗai, ɗibar ruwa ita kaɗai, ko abokin faɗa babu.

Wata rana na kasa shiru, na ce, "To ita babbar mi anka ba ta?"

Kaka ta juya dankali ta ce, "Ke Asabe, an ba ta ƙanwa mana. Ba ki jiya ba?"

Na ce a raina wannan ai ba kyauta ba ce, na ƙi cin dankalin.

Shekaru sun ja. Dije ta yi aure a Bakura, ni ina Talata Mafara. Ciwon suga ya kama ta, dasashi ya lalace, haƙoran suka zube ɗaya bayan ɗaya har ba saura. Ta daina zuwa biki, in za ta gaisa sai ta kai gefen mayafi baki. Bara ɗanta ya kai ta wurin likitan haƙori a Sakkwato, na raka su. Likitan ya ɗauki awon bakinta, ya nuna mana haƙoran roba a kwamfuta kafin inji ya sassaƙa su. Ya ce injin yana ajiye haƙoran gaba kusan daidai inda aka zana, amma bai san Dije ba, abin da aka nuna masa shi zai yi. Dije ta ce tana da wushirya. Ya tambayi faɗinta, da tsawon haƙoran biyu, da wanda ya ɗan karkata. Ta ce ita ba ta taɓa aunawa ba. Ya ce a kawo tsohon hoto da take dariya a ciki.

Matan zamaninmu ba ma buɗe baki gaban mai hoto, kunya ce. Hoto ɗaya tak Dije ta yi dariya a ciki, na ranar aurena. Ni ce amarya, amma duk wanda ya karɓa ita yake yabo, shi ya sa na jefa shi ƙasan akwati shekara talatin.

Dije ta ce, "Yaya, hoton nan na bikinki hwa?"

Na ce, "Ya ɓace tun tuni." Ko idona bai ƙifta ba.

Likitan ya yi ƙiyasi, aka yi na gwaji. Haƙora farare, a jere, da 'yar tsaga wadda ba tata ba. Dije ta daɗe tana kallon madubi, sannan ta ce, "Sun yi kyau. Na wata ne dai." Ta mayar da mayafi bakinta. A mota har Mafara fuskarta na wajen taga, ni kuwa na rasa da wa zan yi gardamar da muka saba. A hanyar nan na gane cewa duk shekarun da nake jin haushin Kaka, da ni take tatsuniyar, kuma ba don ta ƙi ni ba.

Washegari na ba ɗanta hoton, na ce a cikin tsumma na tsince shi. Aka gyara zanen, aka sassaƙa sababbi. Ranar da aka saka mata, ta dube ni ta tuntsire da dariya, wushiryar nan ta dawo wurinta har da ɗan karkacen hagu. Ma'aikaciyar asibitin ta ce, "Kai Hajiya, kin iya dariya!" Na yi hamdala da gaske, hawaye ya zubo mini. Sai kuma na ji tsohon abin nan ya soke ni a ƙirji. Ga ni da jikoki shida, haƙorana cif babu wanda ya faɗi, ina kishin na roba.